Matatar Kawu Sale

Na san abin da kuka ji game da rasuwar kawunku Sale, domin ba a ɓoye ake faɗarsa ba. 'Yar'uwarku Asma'u ta ji shi a gidan biki a Lambata tana 'yar shekara goma sha biyu, ta dawo gida ta ƙi cin abinci. Ku sauran kun ji a bakin 'ya'yan kawun naku: wai ubanku ne ya ɗauki kayan aikin da aka tanadar wa wan matarsa ya ba wata baƙuwa, shi kuwa ya koma gida ya mutu. Ba zan ce ƙarya aka yi mini ba. Rabin maganar ne kawai ya iso gare ku, kuma ina so ku ji sauran daga bakina tun ina da sauran ganin rubutu.

Sai na fara gaya muku aikina, domin har na yi ritaya wasunku ɗauka suke yi ni likita ne. Ni ba likita ba ne. Idan za a yi wa mutum tiyata a cikin zuciya, dole a tsayar da ita, don ba a ɗinka abu yana motsi. A wannan lokacin akwai injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu: jini ya fito daga jikin mutum ta cikin tiyo, ya shiga injin, ya sha iska, a sake turo shi ya koma jiki. Ni ne nake zama a gaban wannan injin. Kafin jinin ya koma, yana bi ta wata 'yar matata da muke kira filta, girmanta bai wuce kofin shayi ba. Ita ke tare abin da ido ba ya gani: kumfar iska, ɗigon kitse, ɗan gudan jini, ɓurɓushin da ke ɓallewa idan likita yana kankare ƙofar zuciya. Idan irin wannan ya wuce, yana iya tafiya kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa ya toshe wata siririyar jijiya. Sau ɗaya ake amfani da kowace matata, ba a wanke ta, ba a maimaita ta. A farkon aikina, a wani wuri da ba a sa ta ba, na ga wani malamin makaranta da aikin zuciyarsa ya yi kyau ƙwarai, amma ya farka bai san sunan matarsa ba, hannunsa na dama kuma ya shanye. Babu wanda ya iya rantsuwa cewa rashin matatar ne ya jawo. Ni dai fuskarsa ba ta bar ni ba.

A shekarar da nake ba ku labari muna haya a nan Suleja, ina shiga motar haya kullum da sassafe, mu wuce dutsen Zuma mu nufi asibitin da nake aiki a Abuja. Kawunku kuwa yana Lambata yana fataucin doya. Ba ku san shi da lafiyarsa ba. Mutum ne da magana ce jarinsa. Ya san sunan kowane manomi daga Lambata har Gawu Babangida, ya san sunan ubansa da na gonarsa, kuma duk rigimar da ta tashi a dangin mahaifiyarku shi ake kira ya kashe ta. Shi ya tsaya mini lokacin da na zo neman aurenta, wasu suna cewa ba a san asalina ba. Sai ga shi ya fara haki idan ya ɗan yi tafiya, daga baya har sujada ta fara yi masa wuya. Da na kai shi aka duba, aka ga ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarsa ta ƙanƙance ta yi tauri kamar tsakuwa. Babu magani sai a cire ta a sa wata.

A lokacin, irin wannan aikin ba kullum muke yi ba. Akwai wani ƙwararren likita da yake zuwa daga ƙasar waje sau biyu a shekara, ya yi mako guda yana aiki tare da babban likitanmu. A wannan zuwan an jera mutum biyar, daga Litinin zuwa Juma'a, kawunku ne na ƙarshe. Kayan da muka yi oda sun maƙale a tashar jiragen ruwa a Legas, saboda haka matata shida kawai nake da ita a kabad: biyar na marasa lafiya, ɗaya ta ko-ta-kwana. Ranar Talata na buɗe kwali na ga ledar ɗaya ta huje, ba ta da tsarkin da za a sa ta a jini, na jefar. Ta ko-ta-kwana ta tafi ke nan. Na gaya wa babban likita, ya ce Allah ya kiyaye, mu ci gaba.

Ranar Alhamis wadda za a yi wa aikin wata mata ce da ake kira Mama Chidi, 'yar kudu, tana sayar da kayan roba a kasuwar Suleja. Ban taɓa saninta ba sai a asibiti. Na haɗa injin tun da safe, na cika tiyo da ruwa, na bubbuga matatar har kumfa ta ƙarshe ta fita, komai lafiya. Aka sa matar barci, aka buɗe ƙirji, aka ba ta maganin hana jini daskarewa, aka soka tiyo a manyan jijiyoyin zuciya. Saura likita ya ce mini in kunna. Sai na ga ɗigon ruwa a kan takalmina. Na share da auduga na ɗaga kai, na ga wani ɗigon yana taruwa a gindin matatar, daidai inda aka haɗe roba da roba. Tsaga ce siririya kamar gashi. Inda ruwa ya fita kuwa, iska na iya shiga.

Na ce, "Dakta, a dakata. Filta ta tsage."

Babban likita bai ɗago ba, hannunsa na cikin ƙirjin matar.

Ya ce, "Malam Idi, zuciyar nan ba ta son taɓin da muke yi mata, jininta na sauka. Minti nawa kake bukata?"

Na ce, "Bakwai, in akwai wata."

"Akwai?"

Akwai mana. Tana cikin kabad a bayana, ni da hannuna na rubuta sunan Sale a jikin kwalinta. Ina so ku sani ban yi dogon tunani ba, kada wani ya ce muku na auna na zaɓa. Mace ce kwance ƙirjinta a buɗe, zuciyarta na neman tsayawa. Na miƙe na ɗauko, na yage kwalin ta kan sunan. Na matse tiyo ta sama da ta ƙasa, na yanke tsagaggiyar, na sa sabuwar, ina bubbuga ta ina kallon kumfa na hawa ɗaya bayan ɗaya, mai ba da maganin barci yana kiran awon jini yana sauka, gumi na shiga mini ido ba ni da hannun sharewa. Da na ce a shirye nake, aka kunna, jini ya bi tiyo ya cika matatar ya koma jikinta. Sai a lokacin, ina zaune ina kallon injin na juyawa, na tuna gobe Juma'a.

Aikinta ya yi kyau. Da muka fito bayan azahar na kama waya. Na kira duk wanda na sani a wannan sana'a, Legas, Inugu, Kano. Wani ya ce nasu sun ƙare, wani ya ce yana da ita amma ta yara ce, ba za ta ɗauki jinin babban mutum ba, wani ya ce zai iya aikowa amma sai Litinin. Baƙon likitan kuwa jirginsa Asabar ne, akwai marasa lafiya da ke jiransa a wata ƙasa. Muka zauna mu uku a ofis. Babban likitanmu ya ce akwai wuraren da suka yi shekaru suna aiki ba matata, mafi yawan mutanensu kuma sun tashi lafiya, kuma zuciyar Sale ba lallai ta kai wata shida ba. Baƙon ya ce gaskiya ne, amma ƙofar wannan mutumin ta yi tauri sosai, idan aka fara kankarewa ɓurɓushi zai yi yawa. Suka juyo suna kallona, na ce ni ban yarda ba, amma jikin ba nawa ba ne. Muka tsaya a kan a tambayi mai jikin. Na roƙi a bar ni in fara yi masa magana.

Na same shi bayan la'asar a zaune bakin gado, an riga an aske masa ƙirji. Matarsa, wadda kuke kira Inna Rabi, ta fita sayo ruwa. Yana ganina ya yi dariya.

"Idi, yaya na ga fuskarka kamar wanda aka ƙwace wa doya a hanya?"

Na zauna na gaya masa komai, har da sunan da na yage. Tambaya ɗaya ya yi.

"In an yi babu abin nan, me zai same ni?"

Na ce wataƙila ba abin da zai same shi. Na ce kuma in ya jira, zuciyar na iya tsayawa kafin likitan ya dawo. Da na tsaya a nan, da ba ni da abin da zan zargi kaina da shi. Amma na ci gaba, na ba shi labarin malamin nan da ya farka bai san matarsa ba. Na ba shi dalla-dalla, har yadda miyau ke zuba a gefen bakinsa. Na ga hannun kawunku ya kama zanen gado.

Ya ce, "Mutuwa ba ta ba ni tsoro yadda wannan ya ba ni. In tashi ban san Rabi ba? In buɗe baki in yi salati ya ƙi fitowa? A'a. Zan jira."

Na ce, "Yaya, ka yi tunani zuwa safe."

"Na gama. Amma ka yi mini abu ɗaya. Kada Hajiya ta ji cewa ni na ce a fasa. Ta sayar da shanunta biyu saboda aikin nan, ta yi azumi, ta tara mutane suna addu'a. In ta ji ɗanta ne ya ji tsoro ya gudu daga kan gado, ba zan iya haɗa ido da ita ba. Ka ce kayan aiki ne babu. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Na ba shi hannu na ce na yi alkawari. Washegari ya maimaita wa likitoci da bakinsa, ya sa hannu a takarda, aka sallame shi.

Muka kawo shi gidanmu na Suleja don ya kasance kusa da asibiti. Kakarku Hajiya ta taho daga Lambata ta tare a ɗakin mahaifiyarku, Inna Rabi tana jinya. An karɓi maganar a matsayin ƙaddara, ana ta Allah ya isa ga masu riƙe kaya a tashar jiragen ruwa. Ni kuwa kullum in na dawo aiki sai na tsaya a ƙofar ɗakinsa na saurari numfashinsa kafin in yi sallama. Ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya daina kwanciya, sai dai a jingina shi da matasai uku. Duk da haka in baƙi suka zo daga Lambata shi ke ba su dariya.

Bayan kamar wata biyu, wata Asabar da hantsi, muna zaune a tsakar gida an fito da shi ya sha iska, sai aka yi sallama. Mama Chidi ce, ta rame amma tana tafiya da ƙafarta, ɗauke da galan na manja da sabbin robobi a leda. Ta tambayi gidana a kasuwa har ta samo. Ta durƙusa a gabana tana hawaye, da Hausarta ta kasuwa.

"Oga Malam, na zo godiya. Nas ya gaya mini komai. Ya ce abin da ka sa mini na ɗan'uwanka ne, ka cire sunansa ka ba ni. Allah ya biya ka, Allah ya ba ɗan'uwan lafiya."

Ba ta san ɗan'uwan ne a kan tabarma ba. Hajiya ta ajiye carbinta.

Ta ce, "Malam, me matar nan take faɗa?"

Na ce, "Hajiya, gaskiya ta faɗa. Tana kan gadon tiyata tata ta lalace."

"Shi ne ka ɗauki ta Sale."

"Ita kaɗai ta rage."

"To da aka rasa, ba a iya yi masa haka nan? Likitocin cewa suka yi ba zai yiwu ba, ko kai ne ka ce?"

Na kalli kawunku. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya buɗe baki, na ga ƙirjinsa na hawa da sauka, sai ya sunkuyar da kai yana kallon kumburarrun ƙafafunsa.

Na ce, "Ni na ce ban yarda ba."

Mama Chidi ta gane abin da ta ɓaro, ta tashi tana ba da haƙuri ta fita, ta bar manjan a tsakar gida. Ba wanda ya taɓa shi har yamma. Hajiya ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Cewa kawai ta yi a nemo mota, ɗanta ba zai ƙara kwana a gidan nan ba. Na ce Lambata ta yi nisa da asibiti in wani abu ya taso. Ta ce kusa da asibitin me ya amfana masa? Ina taimaka masa shiga mota ya riƙe wuyan hannuna ya jawo ni kusa.

"Ka yafe mini, Idi. Bakina ya ƙi."

Na ce, "Ba komai, Yaya. Ka dai riƙa shan maganin a kan lokaci."

Ita ce maganarmu ta ƙarshe. Ya rasu bayan mako biyar, da safe, yana zaune a ƙofar gida ana sauke sabuwar doya. An ce da hankalinsa, ya kira Inna Rabi da sunanta, ya yi kalmar shahada. A wurin jana'iza na shiga sahu, mutanen da ke gefena suka ɗan matsa. Kwana tara bayan haka kayanmu suka iso daga Legas, ni aka kira in buɗe kwalin in ƙirga. Na ƙirga, na jera su a kabad, na shiga banɗaki na kulle ƙofa na daɗe.

Mahaifiyarku ba ta bar gidana ba, ba ta kuma taɓa yi mini gori ba, amma ta yi kusan shekara ba ta kira ni da komai ba sai dai ta ajiye abinci ta ce ga shi. Hajiya ta rayu shekara shida bayan ɗanta, ina zuwa gaishe ta kowace salla, tana amsawa fuskarta na kallon bango. Sau da yawa na yi niyyar faɗa, sai in tuna ita ce aka ce kada ta ji. Bayan ta rasu kuma sai na ga kamar zan tono mamaci ne don in wanke kaina. Kuma har yau ban tabbata na cancanci wankin ba. Shi ya zaɓa, gaskiya ne, amma ni na zaɓi labarin da na ba shi. Da na ba shi labarin waɗanda aka yi wa babu matata suka tashi garau, wataƙila da ya ce a yi, wataƙila da ya ga aurenku. Wataƙila kuma da ya shekara goma a kwance bai san kowa ba. Na yi aiki shekaru masu yawa bayan nan, ban kuma sake kunna injin ba sai da matata biyu a kabad, amma amsar wannan tambayar ban same ta ba.

Da na fara rubuta wannan labari a bara, na karanta wa mahaifiyarku. Ta yi kuka, ta ce me ya sa na bar ta ta ɗauki wannan a zuciyarta duk tsawon lokacin nan. Sannan ta share ido ta ce ba za ku karanta ba sai matar mamacin ta fara ji, domin mijinta ne. Muka shiga mota muka tafi Lambata. Mun sami Inna Rabi a inuwar mangwaro tana ɓare gyaɗa, ta tsufa ƙwarai. Bayan gaisuwa na gaya mata abin da ya faru a bakin gadon nan ranar Alhamis, ban rage komai ba. Ba ta daina ɓare gyaɗarta ba har na gama.

Ta ce, "Ai na sani, Malam Idi."

Mahaifiyarku ta ce, "Kin sani? Shi ya gaya miki?"

"Bai gaya mini ba. Na dawo daga sayen ruwa na same shi yana murmushi, mutumin da ya yi kwana uku bai iya haɗiye abinci ba don fargaba. Ranar ya ci tuwo ya ƙara. Wanda aka hana aiki ba haka yake yi ba. Shekara ashirin da biyu ina tare da shi, ai na san fuskar Sale in an sauke masa kaya."

Na ce, "To, Inna, kina ji ana zagina, 'ya'yanki suna gaya wa nawa ubansu ya kashe kawunsu. Me ya hana ki magana?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni.

"In ce wa uwarsa ɗanta ya ji tsoro? In ce wa 'ya'yansa? Shi yana ƙasa, ba shi da bakin kare kansa. Kai kana raye, na ga kuma kana iya ɗauka." Ta zuba gyaɗar da ta ɓare a leda ta miƙo mini. "Ka ɗauka, Allah ya saka maka. Yanzu kam sun girma. Ka rubuta, ka kawo mini, ni zan tara nawa a karanta musu a gabana."